Makonnin Farko Bayan Sa Batirin Zuciya: Amsa Ga Wani Dattijo Daga Aboabo

"Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, nan Kumasi, shekaruna 67. Yau kwana 12 ke nan da aka sa mini batirin zuciya a Accra, bayan na yi ta faɗuwa ina suma, aka auna aka ce bugun zuciyata ya sauka zuwa 35. Jirin ya tafi, alhamdu lillahi, amma hankalina bai kwanta ba. Tun da na dawo ban motsa hannun hagu ba, a rataye yake a wuyana. A zaune nake barci, a kan kujera nake salla, 'ya'yana sun karɓe wayata, kuma idan aka ɗauke wuta maƙwabci ya tayar da janareta sai gabana ya faɗi. Wurin ɗinkin yana ƙaiƙayi, ya ɗan tasa, uwargida tana so ta gasa mini shi da ruwan zafi ta shafa man kaɗanya. Me zan yi, me zan bari, kuma yaushe zan koma yadda nake?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Idan na fahimce ka, kana so ka san abin da zai iya ɓata aikin da aka yi maka da abin da ba zai iya ba, domin ka daina zama cikin zullumi. Da na karanta wasiƙarka abu ɗaya ya fi tsaya mini a rai, shi ne cewa tsoronka da na iyalinka ya sauka a kan waya da janareta, waɗanda haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai, alhali abubuwa biyun da suka fi damuna a matsayin likita, wato hannun da ka rataye da kuma gashin da ake shirin yi wa mikin, su ne kuke ɗauka a matsayin kulawa. Wannan ba laifinku ba ne, haka nake gani a wurin mafi yawan waɗanda suke zuwa mini a watan farko.

Abin da ke cikin ƙirjinka

Zuciya tana da nata lantarkin da Allah ya halitta mata. Saƙon bugu yana tasowa daga wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama, ya ratsa wata mahaɗa da ke tsakiya, sannan ya isa ɗakunan ƙasa waɗanda su ne ke tura jini zuwa jiki. Mai lafiya idan yana hutawa zuciyarsa kan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan tsufa ko wata cuta ta lalata mahaɗar nan, saƙon ba ya wucewa, sai ɗakunan ƙasa su riƙa bugawa da kansu a hankali, wajen sau 30 zuwa 40, kuma wani lokaci su tsaya na 'yan daƙiƙoƙi. Jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Bayanin da ka yi ya yi kama da wannan.

Na'urar da aka sa maka kusan girman kwalin ashana take, sai dai ta fi shi sirantaka, tana kwance ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Daga jikinta siririyar waya ɗaya ko biyu ta bi ta cikin jijiyar jini har cikin zuciya. Aikinta sauraro ne: muddin zuciyarka tana bugawa daidai, shiru take yi, idan kuwa bugun ya yi jinkiri sai ta aika ɗan ƙaramin saƙon lantarki wanda ba ka jin sa. Galibi ana saita ta kada bugun ya sauka ƙasa da 60, wasu kuma 50. Saboda haka idan ka taɓa jijiyar hannunka ka ƙirga 60 cif, ko ka hau bene ka ƙirga 85, duka biyun daidai ne. Na'urar ba ta da alaƙa da wutar gida, ba a yi mata caji, batirinta a rufe yake a cikinta kuma yakan yi shekara 7 zuwa 12 gwargwadon yawan aikin da take yi. Ɗauke wuta, ko na kwana nawa ne, bai shafe ta ba.

Kuma ba sabon abu ba ne da ake gwaji da kai. A 1958 aka fara dasa irinta a jikin mutum a ƙasar Suwidin, mutumin kuwa, Arne Larsson, an canza masa na'ura sama da 20 a rayuwarsa, ya kai shekara 86, ya rasu a 2001 da wani ciwo dabam, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi.

Hannun da ka rataye

Dalilin da ya sa aka ce ka kula da hannun shi ne bakin wayar da ke cikin zuciya. A ranar aiki ɗan ƙaramin abu ne ke riƙe da shi a jikin naman zuciya, sai bayan mako 4 zuwa 6 jiki yake lulluɓe shi da nama ya kama sosai. Kafin nan, fizgar hannu da ƙarfi ko miƙa shi sama can yana iya jan wayar ta goce. Abin da aka hana ke nan: kada gwiwar hannun hagu ta wuce kafaɗa, kada ka miƙa shi baya da ƙarfi, kada ka ɗauki abin da ya wuce kamar kilo 5, wanda bai kai rabin bokitin ruwa ba. Ba a ce ka daskarar da hannun ba. Majanyin rataya na kwana ɗaya ne ko biyu, sai fa idan likitan da ya yi aikin ya faɗa maka wani dalili na musamman. Kafaɗar dattijo idan ta yi makonni ba ta motsa ba takan ƙage, kuma warware ta yakan ɗauki watanni da azaba mai yawa. Na taɓa duba wani tela da ya riƙe hannunsa a ƙirji wata biyu cur saboda tsoro. Na'urarsa lafiya lau take aiki, amma sai da ya yi kusan shekara yana zuwa gashin ƙashi kafin ya iya sa riga da kansa.

Don haka ka cire majanyin. Ka riƙa amfani da hannun wajen ƙananan ayyuka, ka riƙe kofi, ka ja carbi, ka juya kafaɗar a hankali gaba da baya sau da yawa a yini, ka ɗaga hannun gabanka har daidai kafaɗa ka sauke. Abubuwan da nake so ka lura da su su ne waɗanda takardar asibiti ba ta cika ambata ba, domin ba don rayuwar Zango aka rubuta ta ba. Dogon soson nan na raga da muke ja da hannu biyu muna cuɗa baya, ka ajiye shi tukuna, domin yana ɗaga hannu sama ya kuma ja shi baya a lokaci guda. Babbar riga da ake naɗewa a kafaɗa ta jira bayan mako 6, yanzu riga mai maɓalli a gaba ta fi, kuma hannun hagu za ka fara zurawa. Kada ka ɗauki jika ka ɗaga shi sama, a ɗora maka shi a cinya. Idan za ka shiga trotro, wato motar haya, ka kama ƙarfen ƙofa da hannun dama, kada ka shiga motar da za ka yi lilo a cikinta. Mata masu irin wannan na'ura nakan ƙara musu da daka, da tuƙin tuwo mai yawa, da ɗora kaya a ka, da jan guga.

Barci a zaune ba shi da wani amfani ga na'urar, gajiya kawai yake ƙara maka. Ka kwanta rigingine ko a gefen dama, wanda dama shi ne kwanciyar sunna, idan wurin ya daina ciwo kuma ba laifi ka juya hagu. Amma idan dalilin zaman shi ne numfashinka yana sarƙewa in ka kwanta, wannan magana ce dabam, kuma tana bukatar likita ya gan ka ba da jinkiri ba.

Mikin shi ne abin tsaro

A nan nake roƙon ka da Hajiya ku saurare ni da kyau. Niyyarta alheri ce, kuma gashi da man kaɗanya suna da amfaninsu a wasu wurare, amma wannan miki ba irin wanda muka saba ba ne. A ƙarƙashinsa akwai baƙon ƙarfe, daga ƙarfen kuma akwai hanya miƙaƙƙiya har cikin zuciya. Ƙwayar cuta idan ta samu ta manne a jikin ƙarfe, magani ba ya iya wanke ta, domin jini ba ya ratsa ƙarfe balle ya kai maganin wurin. Abin da ake yi a mafi yawan lokuta shi ne a ciro na'urar da wayoyinta gaba ɗaya, a kwantar da mutum ana yi masa allurai, sannan a sake dasa sabuwa a ɗaya gefen. Ka san abin da aka kashe kafin a kai ga ta farko. Ruwan zafi yana ƙara kumburi da tsattsafar jini a cikin aljihun da na'urar take, mai kuma yana jiƙa bakin ɗinki ya riƙe datti. Kada a gasa, kada a shafa man kaɗanya ko man zafi ko toka ko wani garin magani, kada a yi ƙaho ko tsaga kusa da wurin.

Ƙaiƙayi a kwana 12 alamar warkewa ce, kuma ɗan tudun da kake gani yawanci jikin na'urar ne, musamman ga wanda ba shi da ƙiba. Fatar wurin takan yi duhu saboda jinin da ya kwanta, ta washe cikin makonni. Abin da ba daidai ba shi ne kumburin ya riƙa ƙaruwa kullum, ko wurin ya yi zafi idan an taɓa, ko fatar ta yi ƙyalli ta ɗaure, ko ciwon ya ƙaru maimakon ya ragu, ko ruwa ko mugunya su fito, ko bakin ɗinkin ya buɗe. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ka fi dogara da zafin wurin da girmansa. Dabara mai sauƙi ita ce ɗaya daga cikin 'ya'yanka ya riƙa ɗaukar hoton wurin kowace safiya a haske ɗaya, sai a gwada na yau da na shekaranjiya. Zufar Kumasi ma abin lura ce: ka sa riga mai sauƙi ta auduga, bayan wanka a dangwala tsabtataccen tawul a busar da wurin ba tare da gogawa ba.

Akwai kuskure biyu da nake gani suna maimaituwa. Na farko, mutum ya ji zazzaɓi ya ce maleriya ce, ya aika kemis a sayo magani har da kafso, ya sha kwana uku ya ji dama-dama. Kafson yana rufe alamun ne kawai, ya kuma sa gwajin jini ya kasa nuna ƙwayar cutar. Duk zazzaɓin da ya zo a watannin farko, a gwada maleriya, amma a gaya wa likita cewa akwai na'ura a ƙirji tun kafin a sha komai. Na biyu, kumburi ya taso wani ya ce bari ya zuƙe jinin da sirinji. Kada ka yarda kowa ya soka allura a wurin, ko ma'aikacin lafiya ne, sai masu aikin zuciya sun gani. Idan kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, taruwar jini ta fi sauƙin faruwa, amma kada ka dakatar da maganin da kanka. Ka kuma hana hannunka wasa da na'urar ta saman fata, domin jujjuya ta yana iya nannaɗe wayoyin. Idan jikinka mai yin tabo mai tudu ne, ka faɗa a asibiti da wuri.

Salla da tsarki

Ni ba malami ba ne, hukunci na malamanku ne, amma zan faɗi abin da jiki zai iya ɗauka. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, cewa mutum ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, don haka sallar da ka yi a kujera ba abin damuwa ba ce. Sai dai ta fuskar lafiya babu abin da ya hana ka tsayuwa da ruku'u tunda jirin ya tafi. Ɗaga hannu a kabbara ma ba ya cutarwa, domin tafin hannu ne ke tashi, gwiwar hannu tana ƙasa. Inda ake bukatar lura shi ne sujada, musamman tasowa daga ita, lokacin da dattijo kan dogara da hannuwansa ya tura nauyin jikinsa sama. Idan za ka iya sauka a hankali ka taso da ƙarfin ƙafafu da hannun dama, ka gwada. Idan sai ka danna hagu, ka tsaya a tsaye ka yi ruku'u, sujadar ka yi ta a zaune har makonnin su cika. Alwala ba ta taɓa wurin, shafar kai kuwa ka sunkuyar da kan maimakon ɗaga hannun. Wanka ya danganta da irin ɗinkin da aka yi maka, mafi yawa bayan mako ɗaya zuwa kwana 10 ruwa yana iya bi ta kai idan bakin ya haɗe kuma an cire zaren da ke bukatar cirewa. Ranar Juma'a ka nemi gefen sahu, ka kuma yi haƙuri da rungumar masu yi maka barka.

Waya, janareta da sauransu

A mayar maka da wayarka. Ƙa'idar ita ce tazarar santimita 15 tsakaninta da na'urar, wato kusan taƙi ɗaya. Ka saurara da kunnen dama, kuma ka daina sa ta a aljihun ƙirji na kaftani, wanda yake daidai kan na'urar. Abin da ake gudu shi ne maganaɗisu, wanda ke cikin lasifika da abin sauraro na kunne da bayan wasu sababbin wayoyi. Ko shi ma ba ya lalata na'urar, yana sa ta canza salon aiki ne muddin yana kusa, da zarar an janye shi ta koma daidai. Talabijin, rediyo, firiji, fanka, dutsen guga da injin aski duk ba su da matsala idan lafiyarsu ƙalau.

Janaretan maƙwabci da ke bayan katanga ba zai yi maka komai ba. Naka na gida kada ka tsaya a kansa yana aiki, ka bar kamar mita ɗaya, kuma jan igiyarsa aikin yara ne yanzu. Wuraren da nake so ka yi nesa da su su ne inda ake walda da lantarki, da sunkuyawa kan injin mota yana aiki, abin da nake yawan jaddada wa majinyatana masu sana'a a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Idan ka taɓa jin jiri kusa da wani inji, ka matsa, abin yakan wuce nan take. A filin jirgi ka nuna katin na'urarka, ka wuce ta ƙofar bincike ba tare da tsayawa a cikinta ba. Duk wanda zai yi maka tiyata ko aikin haƙori ko hoton MRI, ka fara sanar da shi. Game da tuƙi, a Ingila doka ta ce mako 1 ga mai motar gida, mako 6 ga direban bas ko babbar mota, amma da ramukan hanyoyinmu da cunkoson kasuwar Kejetia nakan so dattijo ya jira dubawar farko. Idan bel ɗin mota yana gogar wurin, a sa ɗan tawul a tsakani.

Lokacin da ba a jira gari ya waye

Idan suma ko jirin da ka sani a da ya dawo, ko bugun ya tsaya ƙasa da adadin da aka saita, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon ƙirji mai suka ya zo, a tafi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye nan take, ko a kira 112. Haka nan shaƙuwa da ta ƙi tsayawa ko motsin nama a ƙasan haƙarƙari daidai da bugun zuciya, domin yana iya nuna wayar ta matsa tana taɓa wata jijiya, da kuma kumburin hannun hagu gaba ɗaya, wanda kan nuna jini ya daskare a jijiyar da wayar ta bi. Waɗannan ba su cika faruwa ba, amma gyaransu ya fi sauƙi idan an zo da wuri.

Zullumin da kake ciki kuwa, kusan kowa yana ratsa shi. Mutumin da ya sha faɗuwa ba shiri yakan daɗe bai sake amincewa da jikinsa ba. Maganin da na ga ya fi aiki shi ne tafiya: yau zuwa masallacin unguwa, gobe ka ɗan ƙara, har ka koma zama a shago kana ciniki yara suna ɗaga kaya. Kusantar iyali ba ta da haɗari idan mikin ya lafa kuma ba a dogara da hannun ba. Akwai kuma tambayar da dattawa kan yi mini bayan 'ya'yansu sun fita daga ofis, ko na'urar za ta riƙe rai idan ajali ya zo. Ba za ta riƙe ba. Saƙo kawai take aikawa, naman zuciya ne ke amsawa, idan wa'adinsa ya cika kuwa ba ya amsa komai. Ka kuma sani cewa jinkirin bugu kaɗai ta gyara, maganin hawan jini ko na sukari yana nan yadda yake, kuma idan azumi ya matso tsarin shan magungunan ne za ku zauna da likitanka ku duba.

Ban ga mikinka da idona ba, ban kuma san irin na'urar da aka sa maka ba, saboda haka inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya yi aikin, tasa za ka bi. Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne dubawar farko, wadda akan sa tsakanin mako 4 zuwa 6. Na san tafiyar Accra akwai kuɗin mota da gajiya, kuma wanda ya ji sauƙi yakan ga kamar ba dole ba ne, amma a ranar ne ake ɗora na'urar awo a kan ƙirji a ga ko wayoyin sun zauna, a daidaita ƙarfin saƙon yadda batirin zai daɗe, a kuma sallame ka daga dokar hannu. Bayan nan dubawar takan koma duk wata 6 ko shekara. Ka tafi da katin na'urar da dukan magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, ka tambaye su adadin bugun da suka saita ka rubuta a bayan katin, ka kuma tambaya ko akwai inda za a riƙa duba irin na'urarka a nan Kumasi. Ka tafi da Hajiya ma, ta ji bayanin mikin daga bakinsu. Allah ya ba da lafiya mai ɗorewa.